Ƙululun Gaɓa da Shanyewar Yatsu: Ciwon da Ke Cin Hannu a Ɓoye

Jawabin da aka gabatar a zaman wayar da kai kan kiwon lafiya, a taron shekara-shekara na ƙungiya



Gabatarwa

Da shugabanni suka ɗora mana nauyin yin magana a kan kiwon lafiya a zaman bana, mun san sarai cewa akwai cututtukan da suka fi wanda muka zaɓa ɗaukar rai, kamar zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa da hawan jini. Wanda za mu yi magana a kansa ba ya kisa. Abin da yake ɗaukewa shi ne amfanin hannu, a hankali, har mai shi ya wayi gari fartanya tana suɓuce masa. A Gusau da Tsafe da Bunguɗu kuwa, hannu shi ne jarin mafi yawan mutanenmu. Manomi da tela da maƙeri da mahauci, da ɗan kabu-kabu mai matsa birki da kuloci tun safe har dare, da uwargida mai daka da tuƙin tuwo, da ɗalibi mai riƙe da biro a ɗakin jarrabawa, duk da yatsu goma suke neman na kansu. Ranar da biyu ko uku suka ƙi motsi, gida guda ne ya shiga wani hali.

Dalili na biyu shi ne, mu da ke zaune a birane mu ake bugo wa waya. "Hannun Baba ya sage." "Yatsun Yaya sun ƙi miƙewa." Abin da muka saba yi shi ne mu yi jaje, mu tura kuɗin magani, mu koma kan harkokinmu. Manufar wannan jawabi ita ce mu fahimci ɗaya daga cikin musabbabin irin wannan ciwo, wato ɗan ƙululun ruwa da ke fitowa daga gaɓa ya danne jijiya a tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, domin idan wayar ta sake shigowa mu san abin da za mu tambaya da inda za mu ce a nufa.

Wace jijiya ake nufi?

Wajibi ne mu fara da warware wani ƙulli na harshe. Bahaushe yana kiran abubuwa uku da suna ɗaya, wato jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda muke gani a bayan hannu, ake kuma ɗibar jini ta cikinta a asibiti. Akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, wadda mahauta ke kira agara. Sai ta uku, wadda ita ce abin maganarmu: farin zare ne mai laushi da ya taso daga laka, yana kai umurnin ƙwaƙwalwa ga tsoka, yana kuma mayar wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi da taɓi. Ita za mu riƙa kira jijiyar saƙo.

Manyan jijiyoyin saƙo uku ne ke tafiyar da yatsu, kuma dukkansu daga wuya suka taso, suka bi ta hammata suka gangaro. Ta farko, wadda likitoci ke kira radiyal, ita ke ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu. A daidai gwiwar hannu ta rabu biyu, reshenta na ciki ya kutsa ta ƙarƙashin wata igiyar nama mai tauri a bakin tsokar da ke juya tafin hannu sama. Wani masanin halittar jiki ɗan ƙasar Jamus, Fritz Frohse, shi ya siffanta wannan mashiga a shekarar 1908, kuma da sunansa ake kiranta har yau.

Ta biyu, wato midiyan, ta tsakiyar hannu take bi, ta shiga tafi ta wani matsattsen rami a wuyan hannu. Ita ke ba babban yatsa da manuni da na tsakiya ji, wani reshenta kuma shi ke lanƙwasa kan babban yatsa da na manuni.

Ta uku, wato alna, kowa a nan ya santa ko da bai san sunanta ba. Ita ce wadda idan gwiwar hannu ta bugu da ƙofa, mutum kan ji kamar ya taɓa minjirya, abin ya zarce har ƙaramin yatsa. Tana bi ta bayan ƙoƙon ƙashin da ke gefen ciki na gwiwar hannu, sa'an nan a wuyan hannu ta ratsa wani ɗan lungu da likitan Faransa Félix Guyon ya bayyana a 1861. Ita ke riƙe da ƙananan tsokokin cikin tafi, masu buɗe yatsu da haɗe su.

Abin lura a nan shi ne, kowace daga cikin ukun sai ta ratsa wani matsattsen wuri a jikin gaɓa. Wurin ba shi da sarari ko na ƙwayar gero. Saboda haka duk abin da ya tsiro a nan, jijiyar ce za ta ɗauki nauyinsa.

Mene ne ƙululun gaɓa?

Kowace gaɓa mai motsi tana cikin wata jaka mai ƙarfi, a cikin jakar kuma akwai ruwa mai santsi da ke hana ƙasusuwa gogar juna, kamar yadda baƙin mai ke yi wa inji. Idan wani gefe na jakar ya yi rauni, sai ruwan ya tura ta wurin ya yi tumbi a waje, kamar yadda tubu ke leƙowa idan tayar keke ta tsage. Wannan tumbin shi ne ƙululun gaɓa, wanda likitoci ke kira gangiliyon. Yana nan haɗe da gaɓar ta wani siririn wuya, kuma wuyan yana aiki kamar bawul: ruwa na shiga, fita kuwa da wuya. A ciki ruwan kan yi kauri, ya zama garai-garai mai yauƙi, kamar ƙaro da aka jiƙa ya kwana.

Ba sabon ciwo ba ne, domin likitan Girka Hifokiratis ya ambace shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Shi ne kumburin da aka fi samu a hannu. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 a bayan wuyan hannu suke fitowa. Mata sun fi maza samunsa, kusan ninki uku, kuma ya fi yawa tsakanin shekara 20 zuwa 40. Yakan biyo bayan targaɗe ko tsohon rauni, ko amosanin gaɓɓai ga waɗanda suka manyanta, sau da yawa kuma yakan fito haka nan ba tare da wani rauni ba. Ba sankara ba ce, ba mugunya ba ce, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Kusan rabinsu sukan baje da kansu bayan wani lokaci.

To, ina haɗarin yake? Haɗarin yana ga wurin da ya fito. Ƙululun da ya kai girman goro a bayan wuyan hannu zai iya shekaru bai hana mai shi komai ba, domin yana da filin da zai kumbura. Amma wanda bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, idan ya fito daga gaɓar gwiwar hannu a ƙarƙashin tsoka, ko a cikin lungun nan na wuyan hannu, zai matse jijiyar saƙo da ƙashi ko da igiyar naman da ke samanta. Jini ya ragu a cikin jijiyar, rigar da ke lulluɓe da zarurrukanta ta fara zaizayewa, saƙo ya daina wucewa. Kuma irin wannan ƙululu ido ba ya ganinsa, hannu ma sau da yawa ba ya jinsa. A 1952 likitan ƙashi na Ingila Herbert Seddon ya wallafa bayanin marasa lafiyar da tsokokin tafinsu suka shanye, da aka buɗe sai aka tarar ɗan ƙululun wuyan hannu ne ya danne reshen jijiyar. Ƙululun kitse ma yakan yi irin wannan ɓarna a daidai gwiwar hannu, kuma hanyar gano su ɗaya ce.

Alamomi da gwajin da kowa zai iya yi

Alamar tana bin jijiyar da aka danne. Idan reshen radiyal ne, mutum kan fara jin ɗan tsami a gefen waje na gwiwar hannu, daga baya yatsu su fara saki daga gindinsu, ya kasa miƙe su, babban yatsa ma ya kasa ɗaguwa. Wuyan hannu yana ɗaguwa amma yana karkata wajen babban yatsa. Fata kuwa tana ji lafiya lau. Wannan rashin zafi da rashin mutuwar fata shi ke yaudarar mutane su ce gajiya ce ko sanyi.

Idan alna ce, ƙaramin yatsa da rabin wanda ke kusa da shi sukan yi dindiris, ana jin kamar tafiyar kiyashi. Maɓallin riga ya gagara, makulli ya ƙi murɗuwa, ƙirga kuɗi ya zama aiki. Idan aka daɗe, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni a bayan hannu ya zube ya bar rami, yatsu biyun na ƙarshe su ƙandare kamar ƙafar kaza. Idan kuwa midiyan ce, yatsu ukun farko ke mutuwa, musamman da dare, ko mutum ya kasa tsintar allura ko ƙwayar wake.

Ga gwaji huɗu da ba sa buƙatar kuɗi. Na farko, a kifa tafin hannu a kan tebur ko faifai, a ɗaga yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, a haɗa kan babban yatsa da kan manuni su yi zobe. Idan suka kwanta a kan juna maimakon su yi da'ira, akwai magana. Na uku, a riƙe takarda tsakanin babban yatsa da gefen manuni, wani ya ja. Idan sai mutum ya lanƙwasa kan babban yatsan kafin ya iya riƙewa, alna ta yi rauni. Likitan Faransa Jules Froment ne ya bayyana wannan gwaji a 1915. Na huɗu, a jera hannayen biyu a kwatanta namansu. Ƙululun da ke fili kuma, idan aka ɗora masa tocilan waya a ɗaki mai duhu, haske kan ratsa shi, domin ruwa ne a ciki.

Waɗannan gwaje-gwaje ba su maye gurbin likita ba. Amfaninsu shi ne su gaya mana cewa lokacin tafiya asibiti ya yi.

Abubuwan da ke kama da shi a ƙasarmu

A wurinmu, hannu in ya shanye, hankalin mutane ya fi tafiya ga Inna ko jifa ko sammu. Amma ko a ɓangaren asibiti akwai cututtuka da dama masu kama da wannan, kuma kowane da maganinsa daban.

Na farko shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ya fi jawowa. Ita farat ɗaya take zuwa, sau da yawa tare da karkacewar baki, ko sarƙewar harshe, ko nauyin ƙafa. Wanda aka ga haka gare shi a kai shi asibiti a wannan sa'ar, ba a jiran gobe.

Na biyu ita ce kuturta. Ƙwayar cutarta, wadda Gerhard Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873, tana son jijiyar alna a daidai gwiwar hannu, ta kumbura ta, yatsu su ƙandare kamar yadda muka siffanta. Abin da ke bambanta ta shi ne tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da haɗin magungunan da ke warkar da ita cikin wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake bayar da su. Cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana nan kusa da mu a Saye, Zariya. Illar wannan kamanni tana da yawa: budurwa ko saurayin da ɗan ƙululu ya ƙandarar wa yatsu sai a fara raɗe-raɗi a kansa, a guji cin abinci da shi, har maganar aure ta lalace, alhali aikin sa'a ɗaya ko biyu zai iya raba shi da abin. Wanda kuma kuturtar ce da gaske, ɓoyewar da tsoron bakin mutane ke sa shi yi ita ke kai shi ga nakasa.

Na uku ita ce gubar dalma, wadda jiharmu ta san zafinta fiye da kowa. A 2010 aka gano cewa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje ya watsa dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kuma yara aƙalla 400 suka rasu. A jikin babba, ɗaya daga cikin sanannun alamominta shi ne sakin wuyan hannu da yatsu, tare da murɗar ciki da taurin bayan gida da ƙarancin jini. Matasanmu da yawa suna zuwa wuraren haƙar ma'adinai. Saboda haka duk wanda hannunsa ya saki, a tambaye shi ko ya yi aikin haƙa ko niƙa, a kuma gaya wa likita, domin gwajin jini ne ke gano wannan.

Sauran sun haɗa da ciwon sukari, wanda ya fi fara taɓa ƙafafu biyu kafin hannaye. Da allurar da aka yi a dantse ba a daidai wurinta ba. Da ɗorin karaya da aka matse da karare har jini ya kasa gudana. Da ciwon ƙashin wuya da ke danne jijiyar tun daga tushenta. Wanda ya ga wannan jeri zai gane cewa ba abin da za a yanke wa hukunci a zaure ba ne, ko a kantin sayar da magani.

Lissafin jinkiri

Seddon ɗin da muka ambata, a 1943, lokacin da yake kula da waɗanda suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kasa raunin jijiyar saƙo gida uku. A mataki na farko zarurrukan suna nan da ransu, saƙo ne kawai ya tsaya. Da zarar an ɗauke abin da ya danne su, hannu kan dawo cikin makonni zuwa kamar wata 3. A mataki na biyu zarurrukan sun mutu daga wurin dannewar zuwa ƙasa, sai sun sake tsirowa. Na uku shi ne jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, kamar a saran adda. Ƙululu yana farawa ne da mataki na farko, in an bar shi ya kai mutum na biyu.

Ga inda lissafi ya shigo. Jijiya tana tsirowa kimanin milimita 1 a rana. Daga gwiwar hannu zuwa tafin babban mutum akwai kamar santimita 30, wato milimita 300, tafiyar kwana 300 ke nan, kusan wata 10. Tsokar da ke jiran saƙon kuwa ba ta jira har abada: bayan wata 12 zuwa 18 ba tare da jijiya ba, takan ƙanƙance ta zama kamar ƙirgi, ko jijiyar ta iso ba za ta amsa ba. Idan muka cire 10 daga 18, iyakar rarar da ta rage wata 8 ce, ga mai sa'a ke nan. Manomin da yatsunsa suka fara saki lokacin shuka, ya ce sai an yi girbi, sai an sayar da wake, ya riga ya ci wata 5 ko 6 daga cikinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sakiya da tsaga da matsa

Ba mu tsaya a nan domin mu ci mutuncin sana'ar kowa ba. Wanzamai da maɗora iyayenmu ne, kuma su suka fi kowa kusa da jama'a a ƙauyukanmu, daga Kwatarkwashi har 'Yandoto. Amma akwai abubuwan da ya kamata a sani. Da yake ƙululun yana haɗe da cikin gaɓa, duk ƙarfen da aka soka masa, na sakiya ne ko askar tsaga, ƙofa ce aka buɗe wa ƙwayoyin cuta su shiga gaɓar kanta, kuma gaɓar da ta yi mugunya tana iya sandarewa har ƙarshen rayuwa. Wanda ke fitowa ta gaban wuyan hannu kuwa, a jikin babbar jijiyar jinin nan yake wadda ake taɓawa a ji bugun zuciya. Ƙaho da lalas da ɗaure kwabo a kai ba sa kai wa ga wuyan da ruwan ke bi, balle ƙululun da ke can ƙarƙashin tsoka. Turawa ma a da sukan maka masa babban littafi domin ya fashe, har likitocinsu suka hana, saboda yana dawowa, dukan kuma yana raunata ƙashi da jijiya.

Abin da asibiti ke yi

Likita zai fara da tambaya da gwajin ƙarfin tsokoki ɗaya-ɗaya, domin daga nan yake gane jijiyar da ta samu matsala da daidai wurin. Sai hoton sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, wanda a hannun gwani yana nuna ƙululun ruwa ko da yana ɓoye. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna shi, sai dai ya nuna ko gaɓar ta zaizaye. Don haka kada a ce "an yi hoto ba a ga komai ba" a koma gida. Idan ana buƙatar ƙarin bayani, akwai hoton maganaɗisu na MRI da gwajin saurin saƙo a jijiya da ake yi da ɗan lantarki, waɗanda ake samu a manyan asibitoci.

Ƙululun da bai taɓa jijiya ba, ba ya kuma ciwo, sau da yawa shawarar likita ita ce a ƙyale shi a sa masa ido. Ana iya zuƙe ruwan da sirinji a asibiti, amma kusan rabi ko fiye sukan dawo, domin wuyan yana nan. Wanda ya riga ya raunana tsoka kuwa, maganinsa tiyata ce: a cire shi har wuyansa, a saki igiyar naman da ta matse jijiyar. Sau da yawa hannun kaɗai ake kashewa. Bayan aiki akan sa ɗan abin tallafi da ke riƙe yatsu a miƙe, a kuma riƙa zuwa sashen gashin ƙashi domin kada gaɓɓai su sandare kafin jijiya ta farfaɗo. Wanda ya zo a makare ma kada ya yanke ƙauna, domin akwai aikin da ake karkato da agarar wata tsoka mai lafiya ta ɗauki aikin wadda ta mutu, ko da yake hannun ba ya komawa kamar da.

Hanyar kuwa sananniya ce. A fara da babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu, a karɓi takardar turawa zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Idan aikin ya fi ƙarfin nan, akwai asibitocin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Malam Aminu Kano, da kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke wannan aiki tun 1959.

Nauyin da ke kanmu mazauna birni

Na farko, mu gyara yadda muke amsa waya. Mu tambayi yaushe abin ya fara, waɗanne yatsu ne, hannu ɗaya ne ko biyu, akwai tabo a fata, an yi faɗuwa ko ɗori ko allura, an je wurin haƙar zinariya. Mu sa wani yaro a gida ya ɗauki hoton bidiyo na gwajin nan huɗu ya turo ta WhatsApp, mu rubuta ranar, domin bayan wata guda a kwatanta.

Na biyu, kuɗin da za mu tura mu haɗa shi da umurni: na mota ne zuwa asibiti kaza, ranar kaza, tare da wane. Kuɗin da aka tura babu bayani galibi a kan ƙwayoyin kashe zafi da man shafawa yake ƙarewa, watanni suna tafiya.

Na uku, mu buɗe ƙofofinmu. Abin da ke hana mutanenmu zuwa Kano ko Zariya ko Sakkwato sau da yawa rashin masauki ne da rashin wanda zai raka su cikin babban asibiti, ga kuma fargabar hanya saboda matsalar tsaron da ta addabi yankinmu. Wanda ya san ɗan'uwa na jiransa a tasha, ya kuma san tafiya ɗaya za ta wadatar domin an riga an karɓar masa ranar ganin likita, zai fi saurin tasowa.

Na huɗu, mu tambayi mata musamman. Su suka fi samun wannan ƙululu, su kuma suka fi haƙuri da shi, suna daka da wanki da hannun da ke mutuwa, ba su faɗa ba sai taɓarya ta faɗi. Iyayenmu mata da ke wannan ɗaki, ku za ku fi mu iya jin wannan labari tun da wuri.

Na biyar, idan mun je gida mu zauna da sarakunan aska da maɗora cikin girmamawa, mu roƙe su abu ɗaya: duk kumburin da ke kan gaɓa, da duk hannun da yatsunsa suka saki, su turo shi asibiti kafin su sa ƙarfe. A duk lokacin da aka shirya aikin duba marasa lafiya kyauta, a ware mutum guda ya riƙa duba hannaye. Minti biyu ya isa kowane mutum. Haka nan mu yi wa iyayenmu rajistar inshorar lafiya tun suna lafiya, wadda dokar ƙasa ta 2022 ta wajabta, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Mun ga cewa ɗan ƙululun ruwa, wanda a wani wurin ba ya cutar da kowa, idan ya fito a mashigar jijiya yana iya raba mutum da sana'arsa. Mun ga cewa yana kama da cututtuka da dama da muka sani a ƙasarmu, kuma bincike ne kaɗai ke rarrabe su. Mun kuma ga cewa maganinsa yana nan, amma watanninsa ƙidayayyu ne. Ka'idar da muke so kowa ya tafi da ita gida gajeriya ce: yatsan da ya ƙi miƙewa ko ya ƙi lanƙwasuwa, ko naman hannun da ya fara zubewa, a kai shi gaban likita a cikin makon da aka lura, ko yana ciwo ko ba ya yi.